Shekarar da Na Musanya Gona da Jaki

Mustafa, da kai da Nana da ƙannenku nake. Tun bayan rasuwar kawunku Alhaji Idi, Allah ya jiƙansa, magana take ta dawo mini a kunne cewa kun tare 'ya'yansa kuna tambayar yadda aka yi gonar fadama ta shiga cikin gadonsa, alhali rabona ce daga wajen Inna. Har an ce kai Mustafa ka faɗa da faransanci, don kada tsofaffi su ji, wai kawu ya danne haƙƙin mace saboda ba ta da baki. Ni ce ba ni da baki? Ku je kasuwar albasa ta Adjamé ku tambayi matan da muka yi zama tare. Kawunku bai danne mini komai ba. Ni na ba da gonar, da rana tsaka, a gaban mutane, kuma abin da na karɓa a maimakonta kun san shi, don ku kuka yi ta yi masa wanka a tsakar gida. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda aka yi, domin ban taɓa zaunar da ku na faɗa ba. Yanzu ga shi a rubuce.

Ni ce autar Inna. Ina ƙarama Gwaggo ta ɗauko ni daga ƙauyenmu na wajen Galmi ta kawo ni Abidjan na taya ta zama, a nan na girma, a nan aka ɗaura mini aure da babanku, a nan na haife ku. Yaya Idi ya biyo baya da ƙuruciyarsa, ya fara da dako a tasha, ya koma fataucin shanu da raguna. Sauran 'yan'uwanmu suka watsu, wasu suka riga mu. Inna ta rage ita kaɗai a gidan, kuma duk yadda muka yi da ita ta zo ta zauna da mu ta ƙi. Ta zo sau ɗaya, ta yi wata guda a ɗakina na Treichville, ta ce garin da ba a ganin ƙasa sai siminti ba na mutane ba ne, ta koma. Da idanunta suka fara dushewa sai ta sayi jaki mace, 'yar fara-fara mai baƙin layi a gadon baya. Ita ke kai ta rijiya ta dawo da ita, ita ke kai ta fadama. Inna ba ta korarta, ba ta ja mata igiya, hawa kawai take yi, jakar ta san hanya. Sai ta sa mata suna Auta.

Wannan suna ya ba ni haushi, ba zan ɓoye muku ba. Da wayar hannu ta zo, duk Juma'a nakan kira ta, kuma sau tari muna cikin magana sai jakar ta ɓarke da kuka a bayanta, har ba na jin abin da Inna ke cewa. Inna takan jira ta gama, sannan ta yi dariya.

"Ƙanwarki ce ke gaishe ki," in ji ta.

"Inna, ni za ki haɗa da jaki?"

"To, ke kina ina? Ita tana nan."

Da wasa take faɗa, amma gaskiya ce, kuma ni ma na san gaskiya ce. Mukan aika atamfa da shinkafa da magani, amma babu ɗayanmu da ya taɓa ɗebo mata ruwa a shekarunta na ƙarshe. Ban taɓa ganin jakar da idona ba, muryarta kawai na sani.

Inna ta rasu a ƙarshen rani na can, lokacin da ruwa ya fara sauka nan Abidjan ba ƙaƙƙautawa. Da safe aka kira ni, kafin azahar an kai ta makwancinta. Hanya ta kwanaki ce, kuma a lokacin babanku yana fama da ƙafa, sai aka ce Yaya Idi ya je a madadinmu. Ya je, ya yi zaman makoki, aka kira malamai aka raba abin da ta bari. Ni aka ba ni guntuwar gona a fadama inda ake albasa, da tarkacen ɗaki. Shi ya ɗauki gidan da dabbobi. Bayan haka ya aiko mini cewa kamiyonsa, babbar motar kaya, na tafe da shanu, zai tsaya bayan tashar Adjamé ya sauke mini kayan Inna kafin ya wuce mayanka.

Na je da hantsi, ana yayyafi. Kun san bayan tashar nan, taɓo har idon sawu, 'yan dako na ihu, masu neman fasinja na jan hannun kowa. Aka sauko mini da turmin Inna da ƙorai da tabarmarta ta sallah daga saman motar. Ina tsaye ina rungume da tabarmar sai direban, wani dattijo mutumin ƙauyenmu, ya matso ya yi mini gaisuwa, sannan ya sassauta murya.

"Hajiya, jakar tsohuwa ma tana ciki. Tun Burkina ta kwanta, ba ta tashi ba."

Na zaga bayan motar na leƙa ta tsakanin katakai. An ware wani lungu an cusa jakuna kaɗan a bayan shanu. A shekarun nan masu sayen fatar jaki sun bazu ko'ina, ba naman suke so ba, fatar kawai, kuma fatake sun gano cewa jakin ƙauye ya fi tsada a mace. Ɗaya daga cikin jakunan tana kwance cikin kashi da fitsari, shanu sun tattaka ta, cinyarta ta ɗaye, ƙudaje sun rufe idonta. A wuyanta akwai igiya da aka kitsa da tsumman atamfa, shuɗiya mai zanen kifi. Ni na sayi atamfar nan a kasuwar Treichville, na aika wa Inna ita wata Sallah.

Yaya Idi ya same ni a wurin. Idan ransa ya ɓaci maganar ƙauye yake komawa, ni ma haka.

"Ke Rabi, mi kinka zo yi nan baya? Kayanki na can gaba."

"Yaya, ina za a kai ta?"

"Inda za a kai sauran. Na riga na yi ma masu saye alkawari."

"Autar Inna za ka ba masu fiɗa?"

"Jaki ne, Rabi. Ya tsuhwa. Wa zai riƙe shi can? Ko ke za ki koma ki riƙa kai shi rijiya?"

Ba ƙarya ya yi ba. A ƙauye ba wanda ya rage da zai ciyar da ita, kuma shi mutum ne da in ya yi alkawarin kaya ba ya tashi. Amma ni a lokacin ban iya jin wannan ba. Na ce a sauke ta. Ya ce rabonsa ce, malamai suka ba shi, ba ni da ta cewa. Na ɗaga murya, ya ɗaga tasa. Mutane suka taru, 'yan garinmu masu albasa, da dillalai, da wani liman da ke sayar da tasbaha a bakin tasha. Kawunku ba ya son a ga mace na ja da shi a gaban jama'a, ballantana ƙanwa. Sai ya faɗi maganar da ya tabbata za ta rufe mini baki.

"To, tunda ƙanwarki ce, ɗauke ta. Ki bar mani gonar, ki ɗauki jaki. Shi ne rabonki."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

"Na karɓa," na ce.

"Rabi, ki san abin da kike hwaɗi."

"Malam, ka shaida. Jama'a, ku shaida. Na ba shi gonar fadama halak malak, na karɓi jakar. A sauke mani abata."

Liman ya ce in sake tunani, na sake faɗa masa haka. Ya ce to ya shaida. Fuskar Yaya Idi ta yi baƙi, ya juya ya shige gaban mota bai ƙara kallona ba. 'Yan dako suka sa buhu a ƙarƙashinta suka ciccibo ta. Sauran jakunan kuwa motar ta tafi da su, ina kallo. Ɗaya na iya cirewa, kuma har yau in na tuna kunnuwan sauran ta tsakanin katakai raina yana ɓaci.

Sai da ƙura ta lafa na ga abin da na jawo wa kaina. Ga ni a Adjamé, da turmi, da ƙorai, da jaki kwance a taɓo, a garin da rabin mutanensa ba su taɓa ganin jaki ba sai a littafin makaranta. Na yi ciniki da mai a-kori-kura, muka ɗora ta a baya, na zauna kusa da kanta na riƙe. A kan gada fasinjojin gbaka, ƙananan bas-bas na haya, suna leƙowa suna nuna mu da yatsa. Da muka iso lungunmu na bayan babban masallaci, yaran unguwa suka biyo mu da gudu suna cewa ga doki, ga doki. Ke Nana ma da kika fito, doki kika ce.

Babanku yana zaune a kan kekensa na ɗinki. Ya dube ni, ya dubi jakar, ya cire tabarau ya goge.

"An ce za ki ɗauko kayan Inna," ya ce.

"Su ne waɗannan."

Bai ƙara tambaya ba, Allah ya saka masa. Ya tashi da ƙafarsa mai ciwo ya kwashe gawayina daga ƙarƙashin rumfar kwano don a samu inda za a kwantar da ita. Mai gidan da muke haya, Tanti Akisi, ita ce matsala. 'Yar ƙabilar Baule ce, mace mai tsafta har ta wuce misali, tana wanke simintin tsakar gida safe da yamma. Ta tsaya da hannu a ƙugu tana zuba faransanci, cewa gidanta ba gidan dabbobi ba ne, ta haƙura da ragunanmu na layya don kwana kaɗan suke yi, amma wannan ba za ta ɗauka ba. Na bar ta ta gama. Na ce mata, Tanti, wannan ita ce ta yi jinyar uwata. Ta matsa ta duba raunin cinyar, ta yi tsaki, ta shiga ɗaki ta fito da tsohon bargo. Ta ce har ta warke, kuma in ta fara wari ko ihu, mu nemi wani wuri.

A nan muka yi wautar da sai mutanen Abidjan za su yi ta. Dabbar da muka sani a gidan nan ita ce ragon layya, kuma kowa ya san yadda ake lelen ragon layya a Treichville: a wanke shi da sabulu har ya yi fari tas, a ɗura masa dusa, a ba shi abin da ya rage a tukunya. Ni na bar ƙauye tun ban iya ɗaura zane ba, ban san komai game da jaki ba. Don haka muka mai da Auta rago. Ku yara kuka ɗauki aikin da murna, kullum kafin ku tafi makaranta sai kun jawo bokiti da soso kun sheƙa mata ruwan famfo. Mustafa, kai ne mai goge kunnuwa. Maƙwabta suka riƙa kawo sadaka, wannan guntun burodi, wannan aceke, dambun rogon nan, da ya kwana, wata ma har da ɓawon ayaba da miya a jiki. Ita kuwa tana kwance a kan bargo jiƙaƙƙe tana rawar sanyi, mu muna cewa ai ta yi kyau, ta yi haske.

Babanku ya samo wani likitan dabbobi, saurayi mai kirki. Ya ce shi kaji da karnuka ya fi gani, amma rauni rauni ne. Ya wanke cinyar, ya yi mata allura, ya ba mu maganin shafawa da na ido, ya ce a daina ba ta burodi da aceke, cikinta ba na wannan ba ne, a nemo ciyawa. Raunin ya fara haɗewa. Amma Auta ba ta tashi ba. Ciyawar da muke yankowa a bakin ruwa ɗanya ce sharaf, takan shinshina ta kau da kai. Haƙarƙarinta suka fito. Gashin bayanta ya fara zubewa, ƙasan kofatonta ya yi laushi yana ɗan wari, ina ta fesa turare don kada Tanti Akisi ta ji. Kuma tun da ta zo ba ta yi kuka ko sau ɗaya ba. Jakar da ke hana ni jin muryar uwata a waya, ga ta a ƙofar ɗakina ba ta ko tari. Na daina fita kasuwa, maƙwabciyata ta kasuwa ke sayar mini da albasa. Na fara tunanin na raba ta da wuƙa ne kawai don ta mutu a hannuna a hankali, kuma wannan tunani ya fi asarar gonar ci mini rai.

Duk tsawon lokacin nan Yaya Idi bai taka gidana ba. In mun haɗu a taron suna sai ya dubi gefe. Amma a babban masallaci yake Juma'a, kuma dole ya bi ta bakin lungunmu. Wata Juma'a bayan an sauko, ku kuna tsakar gida da bokitinku don ranar ba ku yi wankan safe ba, sai ga shi a ƙofa da babbar riga da darduma a kafaɗa. Daga baya matarsa ta gaya mini cewa kullum sai ya tambaye ta ko jakar ta mutu, in ta ce ba ta sani ba sai ya yi faɗa. Bai yi sallama ba. Ya tsaya yana kallon kumfar sabulu na gangarowa daga wuyan Auta.

"Wa ya ce ku yi mata wanka?"

Mustafa, sosonka ya faɗi ƙasa.

"Tun yaushe kuke wannan aiki?"

"Tun da ta zo, Yaya," na ce.

"Innalillahi. Rabi, ke ɗiyar wa ce? Ina kinka taɓa ganin an yi ma jaki wanka? Gashinshi ba ya tsane ruwa, sha yake kamar tsumma. Kashe ta kuke yi da tsabta!"

Ya miƙa wa babanku darduma, ya tuɓe babbar rigar ya rataye a igiyar shanya, ya durƙusa a cikin ruwan sabulu da wandonsa na Juma'a. Ya ɗaga ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya yana shinshina kofato, ya buɗe bakinta, ya kara kunne a cikinta. Shi ya yi kiwon jakunan Baba yana yaro, kafin ya san hanyar Abidjan. Ya sa aka janye bargon, aka kawo busassun buhuna, ya goge ta da hannunsa har gashin ya tashi. Ya karɓi wuƙar babanku ya kankare ruɓaɓɓen kofaton. Sannan ya sa aka zura buhu a ƙarƙashin cikinta, aka ɗaure bakinsa a ƙarfen rumfa, maza suka ɗaga ta har ƙafafunta suka taɓa ƙasa. Ya ce kullum a yi haka, don jakin da ya daɗe kwance mantawa yake da tsayuwa.

"Wankan jaki birgima ce," ya ce, ba ni yake kallo ba, bango yake kallo. "Ƙasa busassa take so, ta kwanta ta juya. In ba ta samu ba, ba za ta ga dalilin tashi ba. Ga ku nan kun aje ta bisa siminti."

Ya ɗauki rigarsa ya fita, bai sha ko ruwa ba.

Neman busasshiyar ƙasa a Abidjan cikin damina ba ƙaramin aiki ba ne. Babanku ya roƙo yashi a wajen magina, aka kawo a baro, yashin bakin ruwa ne, mai nauyi da danshi. Muka baza a ƙarƙashin rumfa ya ƙi bushewa. Har soya shi na yi a tsohon kasko, Tanti Akisi na kallona tana girgiza kai, ta ce ta ga ana soya garin rogo da gyaɗa, yau ta ga ana soya yashi. Auta ta sa hanci ta huro shi, shi ke nan. Shi kuwa kawunku sai ya zama kullum da hantsi yana biyowa, ya kama gefen buhu a ɗaga ta, ya duba kofato, ya tafi. Yakan gaisa da babanku, ya tambayi ƙafa. Ni ko kallo ban ishe shi ba, ni ma ban ce masa ci kanka ba. Ta ɗan fara tsayuwa da taimakon buhu, tana tsintar busasshiyar ciyawar da ya kawo daga wajen ragunansa, amma da an kwance buhun sai ta zube.

Ashe tun ranar Juma'ar nan ya kira ƙauye. Akwai kamiyon albasa da ke shirin tasowa, can kuma ruwa bai sauka ba tukuna. Wata ranar da azahar sai ga a-kori-kura a bakin lungu, shi a gaba. Aka fara shigo da dammunan harawa da karan gero. Bayansu sai buhuna masu nauyi, 'yan dako na nishi, an naɗe su da leda don kada ruwa ya taɓa. Na ɗauka gero ne. Ya sa aka kwashe yashin magina, ya zaro wuƙa ya farke buhun farko, sai ƙasa ta zubo, ja-ja, laushi kamar gari, da guntayen busasshen ganyen albasa a ciki. Ƙanshinta ya cika gidan. Na san ƙanshin nan ko da yake na bar shi tun ina yarinya.

"Daga ina?" na ce. Maganar farko ke nan da na yi masa tun ranar Juma'ar nan.

"Daga tudun gonarki," ya ce. "Wurin da tsohuwa ke ɗaure ta."

Aka juye buhunan duka a ƙarƙashin rumfa. Ya kwance buhun da ke riƙe da ita da kansa, ya ce kowa ya ja baya. Auta ta tsaya tana tangaɗi. Ta sunkuyar da kai ta sa hanci a ƙasar, ta daɗe a haka. Ta kai ƙafar gaba ta tona, ta sake tonawa. Sai ta lanƙwashe gwiwa ta kwanta, na ce shi ke nan ta sake zubewa. Sai ta juya. Ƙafafu huɗu a sama, ta murza baya a ƙasar, ta faɗa ɗaya gefen, ta sake dawowa. Ƙura ta tashi ta sauka a kan shanyar Tanti Akisi da ɗinkin babanku. Da ta gama sai ta miƙe gaba, ta tattara baya, ta tashi tsaye ita kaɗai, ta girgije jikinta. Duk farin da kuka sha wahalar wankewa ya koma ja.

Sannan ta miƙa wuya ta yi kuka. Ku kun tuna, don kun toshe kunnuwa kuna dariya, mutane suka fito daga shaguna har daga bakin masallaci. Ni kuwa kukan nan na san shi, na Juma'a ne, na waya. Na tsaya ina jira ta gama, kamar yadda na saba, don in ji dariyar da ke biyo baya. Ta gama, ba abin da ya biyo baya. A nan ne na san Inna ta rasu. Ranar da aka kira ni ban yi kuka ba, ranar tasha ma ban yi ba, sai ranar nan na zauna a kan turminta na yi mai isata. Da na ɗago sai na ga Yaya Idi ya juya wa mutane baya yana share fuska da hularsa.

Kafin ya tafi ya tsaya a ƙofar ɗakina.

"Rabi, maganar tasha, ɓacin rai ne. Gonarki na nan."

"Na ba ka gaban liman, Yaya."

"Na maido maki."

"Ban karɓa ba. Ka kawo mani wadda nike so."

Ya sake tayar da maganar sau da dama a shekarun da suka biyo, har ya turo mini dattawa, amsata ɗaya ce. Ba fushi ba ne. Na yi ciniki da hankalina, na samu abin da na saya, ban ga dalilin da zan riƙe duka biyu ba. Shi ya haƙa rijiya a gonar, shi ya kewaye ta, daga cikinta ya riƙa ciyar da wata tsohuwar ƙanwar Inna har ta rasu. Na san yanzu ƙasar fadama ta yi daraja, na san da tana hannuna da kun samu abin jari. Wannan ita ce asarar, kuma ni na jawo muku ita, ba shi ba. In akwai wanda za ku yi wa ƙorafi, ga ni nan da raina a Treichville.

Tanti Akisi ta cika alkawarinta. Da Auta ta warke ta fara kiran asuba tare da ladan, sai ta ce to, lokaci ya yi, ko da yake ita ce ta fi kowa kai mata ɓawon doya. Kawunku ya mai da ita Williamsville, bayan gidansa inda yake tsare raguna, ya yi mata rumfa a kan tudu, aka kwashe ƙasar nan aka bi ta da ita. Duk kamiyon da ya taso daga gida da rani, sai an sako buhun ƙasa da harawa. Ba ta sake ɗaukar kaya ba, aikinta ci da birgima da tsorata baƙi. Fataucin jakuna kuwa bai sake yi ba, bai kuma taɓa gaya mini dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Nakan shiga woro-woro, tasin haɗaka, ranar Juma'a da yamma in je in gan ta, in zauna da shi mu sha shayi.

Ta yi shekaru a can kafin tsufa ya ɗauke ta. Ranar da ta mutu wani ya ji labari ya zo neman fatar, kawunku ya raka shi har bakin titi da maganganun da ba zan rubuta ba. Shi da kansa ya riƙe shebur, da furfurarsa da hawan jininsa, ya haƙa rami a bayan rumfar. Muka sa ta da fatarta a jikinta da igiyar atamfar a wuyanta, ya juye sauran ƙasar gonar a kanta.

Don haka ku je ku ba 'ya'yan kawunku haƙuri, kai Mustafa ka fara, kuma da Hausa. Gonar fadama tasu ce. In kuna son ganin rabona, yana Williamsville a bayan rumfar raguna, ku ce su nuna muku wurin.